Ra'ayinmu: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A 'yan shekarun nan, duk mai zama a Abuja, Kaduna, Jos ko Kano ya ga yadda kiwon dabbobin sha'awa ya zama yayi. Akwai karnukan Turai masu jikin ɗan maraƙi, da kyanwoyi masu gashi kamar auduga, da tsuntsayen ado iri-iri. Ban da waɗannan, ga dawakin wasan ƙwallo da shanun madara da 'yan tsaki da ake saukewa daga jiragen sama. Ba mu ga laifin kowa ba a kan haka. Wanda Allah ya hore wa, yana da ikon ya sayi abin da ransa yake so, wanda kuma yake neman inganta garkensa da irin waje ya yi tunani mai kyau. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne tambaya guda: kafin dabbar nan ta bar filin jirgi ta shiga cikin unguwa, wa ya duba ta, kwana nawa aka tsare ta, kuma wa ya tabbatar cewa mai dubawar ya yi aikinsa?

Wataƙila wani mai karatu ya ce wannan magana ce ta masu kuɗi, ina ruwan mai akuya biyu da karen da aka kawo daga Landan? Muna roƙonsa ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a sha'anin cutar dabbobi maganar takan juya. Wanda ya ɗebo da zafin sau da yawa yana da likita da magani da wata hanyar samu. Bakin da yake ƙonewa shi ne na matar da ke kiwon kaji ashirin a bayan ɗaki domin kuɗin makarantar yara, da na manomin da bijimai biyu ne duk ƙarfin gonarsa.

Killace dabba ba wani abu ba ne illa a keɓe ta a wuri na musamman, a hana ta cuɗanya da sauran dabbobi da jama'a, har likita ya gamsu cewa ba ta ɗauke da cuta. Dalilin yin haka a fili yake. Kowace cuta tana da kwanakin da take ɓuya a jiki kafin ta bayyana. Dabba na iya sauka daga jirgi tana wasa da wutsiya, idonta garau, alhali ƙwayar cutar tana cikin jininta. Murar tsuntsaye takan bayyana cikin 'yan kwanaki. Ciwon haukan kare kuwa yakan yi wata biyu ko uku a ɓoye, wani lokaci fiye da haka. Saboda haka kallon ido a bakin ƙofa bai isa ba. Dole a haɗa da takardar asali mai gaskiya, da gwajin jini, da kuma jira.

Mu da muke zaune a wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin wata ƙasa kafin mu gane haka, domin kakanninmu sun ɗanɗana. A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a ƙasar Eritiriya ta yau, domin ciyar da rundunarsu. Shanun nan suna ɗauke da bushiya. Cikin 'yan shekaru annobar ta ratsa Habasha da Sudan, wajen 1891 ta iso ƙasashen Barno da Hausa da Adamawa, kafin 1897 ta kai ƙarshen kudancin Afirka. A wurare da yawa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Fulani da yawa da suka wayi gari da garke suka kwana ba su da ko ɗan maraƙi. Duk wannan ya faro ne daga shanun da suka sauka a tasha guda ba tare da an tsare su ba.

Dattawan da ke cikinmu kuma suna tune da 1983, lokacin da bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya bayan an ɗauka an gama da ita. An yi gagarumin aikin allurar rigakafi tun daga 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, cutar ta lafa, sai aka saki jiki, aka rage allura, aka rage sa ido a kan iyaka. Da ta dawo, ɗaruruwan dubban shanu suka halaka. Sai a shekarar 2011 aka yi shelar cewa an kawar da bushiya daga doron duniya baki ɗaya, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take aiki a can tun 1924, tana cikin waɗanda suka yi wannan wahala da allurar da ta riƙa haɗawa. Darasin shi ne, ranar da aka ce an samu lafiya, ranar ce ya kamata a ƙara ɗaure ƙofa.

Masu kiwon alade a Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da Adamawa su ma suna da nasu labarin. Zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla a Kwaddibuwa a 1996, a 1997 ya shiga Jamhuriyar Benin, daga nan ya ƙetaro kudu maso yammacin Nijeriya, ya bi hanyoyin fatake ya bazu. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani, kuma idan ya shiga garke yakan share shi. A 2020 ya yi mummunar ɓarna a babbar matattarar masu kiwon alade ta Oke-Aro, a kan iyakar Legas da Ogun. Wannan cuta ba ta ma bukatar dabba mai rai kafin ta yi tafiya. A 1957 ta shiga Fotugal ta hanyar ragowar abincin jirgin sama da aka zuba wa aladu a kusa da Lisbon, a 2007 kuma ta shiga ƙasar Jojiya, inda ake danganta shigarta da sharar abincin jiragen ruwa. Ashe aikin mai tsaron ƙofa ya haɗa har da kwandon shara.

To, ina batun dabbobin sha'awa? A watan Afrilun 2003 wani ɗan kasuwa ya yi odar ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa jihar Teksas ta Amurka, cikinsu har da gafiyoyi irin waɗanda yaranmu ke haƙowa a bayan gari. A can ana ajiye su ne don sha'awa. Aka kai wasu wurin wani dillali a jihar Ilinoi, aka ajiye su kusa da wani irin kurege na Amurka da shi ma ake sayarwa don wasan yara. Kuregen ya ɗauki ƙyandar biri daga dabbobin Afirka, ya kai ta gidajen mutane. Mutum 47 aka lissafa sun kamu a jihohi shida, kuma wannan ne karo na farko da aka ga cutar a jikin mutane a wajen Afirka. A watan Yunin wannan shekara Amurka ta hana shigo da ɓeraye da danginsu daga Afirka. Idan har gafiya za ta iya yi wa Amurka haka, me zai hana wani abin da ba mu sani ba ya shigo mana cikin keji mai ado?

Ciwon haukan kare ma abin dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai a yi haƙuri. Ingila ta kawar da shi a 1902, ya koma mata a 1918 ta hanyar karen da aka shigar a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1922 ta sake rabuwa da shi. Shi ya sa ta riƙe dokar tsare kare wata shida cur har zuwa shekarar 2000, lokacin da ta fara sassautawa ga karnukan da ke da cikakkiyar shaidar allura. Mu a nan muna da cutar a gida, saboda haka ƙofarmu tana da fuska biyu: abin da ke shigowa da abin da ke fita. A watan Yulin 2021 Amurka ta dakatar da karɓar karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, bayan ta kama karnuka fiye da 450 da takardun allura na jabu a 2020. Takardar ƙarya guda takan zubar da mutuncin takardun gaskiya dubu.

A kan takarda, ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Akwai dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. Akwai hukumar NAQS mai kula da killace dabbobi da tsirrai da kifaye a filayen jiragen sama, tashoshin ruwa da kan iyaka, wadda aka sa wa dokar kafa ta hannu a 2018. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. A ƙa'ida, mai son shigo da dabba sai ya nemi izini tun kafin ta taso, ya zo da takardar lafiya daga likitan gwamnatin ƙasar da ta fito, da shaidar allura, a kuma duba ta a inda ta sauka. Duk wannan daidai ne, muna kuma yaba wa waɗanda suka tsara shi. Sai dai doka a cikin littafi ba ta taɓa tare ƙwayar cuta ba. Abin da ke tare ta shi ne ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa da ƙarfe biyu na dare, da abin da ke hannunsa, da kuma sanin cewa akwai wanda zai tambaye shi gobe.

A nan ne labarin Ostareliya yake da amfani gare mu, domin ƙasa ce da duniya ta san ta da tsanani a wannan fanni. A 2015 ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Johnny Depp, da matarsa ta lokacin suka shiga da 'yan karnuka biyu cikin jirginsu na kansu ba tare da bin ƙa'ida ba. Ministan aikin gona ya fito fili ya ba su wa'adin 'yan kwanaki, ko a fitar da karnukan ko a kashe su. Aka mayar da su Amurka, a 2016 kuma matar ta amsa laifin cika takardar shiga ƙasa da bayanin da ba gaskiya ba a gaban kotu. Suna da dukiya da suna, amma ba su sa ƙofa ta buɗe ba.

Amma ita wannan ƙasa mai tsanani an taɓa shammatar ta, kuma ta cikin gidan killacewar kanta. A watan Agustan 2007 aka sauke dawaki daga Japan aka kai wasunsu tashar killacewa ta gwamnati da ke bayan birnin Sidni. Cikinsu akwai masu ɗauke da murar dawaki, cutar da ƙasar ba ta taɓa gani ba. Kafin wata ya ƙare ta fita daga tashar, ta kama dubun dubatan dawaki a jihohi biyu, aka tsayar da sukuwa da duk wani motsin doki, mutane da yawa suka rasa abin yi. Gwamnati ta naɗa tsohon alƙali Ian Callinan ya bincika. Rahotonsa na 2008 ya nuna cewa mafi kusa da gaskiya shi ne cutar ta fita ne a jikin wani mutum ko kayan aikinsa, domin masu hidimar dawaki suna shiga suna fita ba tare da an tilasta musu wanka da sauya tufafi yadda ya kamata ba. Ya ɗora alhakin a kan hukumar killacewar kanta, saboda ƙarancin ma'aikata da kuɗi da rashin sa ido daga manya. Akwai katanga, akwai ƙofa, akwai doka. Abin da babu shi ne wanda ke zagayowa ya ga ko ana bin dokar.

Abin da ya burge mu shi ne abin da ya biyo baya. An buga rahoton kowa ya karanta, gwamnati ta karɓi shawarwarinsa, aka kuma samar da mai binciken da ba ya ƙarƙashin hukumar. Wannan shi ne muke nufi da sa idon gwamnati. Idan ƙasar da ke kewaye da teku, mai wadatar kuɗi, ta ga dole ta sa wani ya riƙa duba masu dubawa, ina ga mu?

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko suna cewa ƙara tsanani ƙara shinge ne, kowane shinge kuma a ƙasar nan wurin karɓar na goro ne. Wannan tsoro ne na gaskiya, duk wanda ya taɓa rako motar shanu daga Arewa zuwa Kudu ya san shi. Amma maganinsa shi ne a bayyana kuɗin kowane aiki a rubuce a bango, a biya ta banki, a ba da rasit, a kuma hukunta wanda aka kama. Ba a rushe ƙofar gida don mai gadi ya yi barci.

Na biyu suna cewa iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, dabbobi kuma suna ƙetarawa ta daji tun kafin a san da iyakar. Haka ne. Babu mai hankalin da zai ce a tsare kowace saniya da ke shigowa Maigatari, Mai'aduwa, Illela ko Mubi har wata guda. Kiwo da fatauci za su mutu, nama kuma ya gagari talaka. Abin da ya dace da kan tudu dabam ne: likita a kowace babbar kasuwar kan iyaka ranar da take ci, da makeɓa inda za a ware dabbar da ake zargi, da allura kyauta, da musayar labari da likitocin ƙetare. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tsara takardar shaida ga makiyaya masu ƙetara iyaka domin wannan manufa. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma shanu ba su san da haka ba, cuta ma ba ta sani ba. Murar dawaki da ta kashe dubban jakuna a Nijar da Sakkwato tsakanin 2018 da 2019 ba ta nemi fasfo ba. Duk abin da ke tsakanin shugabanni, wajibi ne likitocin dabbobi na ɓangarorin biyu su ci gaba da magana da juna.

Na uku suna cewa ai tsuntsayen daji ma suna kawo cuta, wa zai killace su? Gaskiya ne. Lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko da aka ga wannan nau'i a Afirka, binciken masana ya nuna cewa ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya, kuma an ambaci tsuntsaye masu ƙaura da fataucin kaji a matsayin hanyoyinta. Kaji fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko aka kashe, a Janairun 2007 kuma wata matashiya ta rasu a Legas. Ba mu da iko da sararin sama. Amma rashin iko da taga ba hujja ba ne na barin ƙofa a buɗe. Wannan annoba ta kuma koya mana wani abu: da aka fara biyan diyyar naira 250 a kan kowace kaza, masu kiwo da yawa suka ga gara su sayar da kajinsu da sauri da su kai rahoto. Diyyar da ba ta kai ba, ko wadda ta makara, ita kanta hanyar yaɗa cuta ce.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da su yi waɗannan abubuwa. Da farko, a taƙaita wuraren da aka yarda a sauke dabbobi masu rai daga ƙasashen waje, kowane kuma ya kasance yana da gidan killacewa na sosai, mai ruwa da wuta da abinci da likita dare da rana, domin dabbar da aka tsare amana ce, bai kamata ta shiga da lafiya ta fito da ciwo ba. Na biyu, a samar da masu bincike masu zaman kansu, waɗanda ba a ƙarƙashin hukumar suke ba, su riƙa kai ziyarar ba-zata, su miƙa rahotonsu ga majalisa. Na uku, a riƙa buga wa jama'a lissafi kowace shekara: dabbobi nawa suka shigo, daga ina, nawa aka tsare, nawa aka mayar, nawa aka samu da cuta. Na huɗu, doka ta hau kan kowa. Karen da ya sauka daga jirgin alfarma ya bi layin da karen ɗan kasuwa ya bi, kuma ma'aikacin da ya tsayar da dabbar wani babba ya san cewa ba za a yi masa canjin wurin aiki washegari ba. Na biyar, a ware kuɗin diyya tun kafin annoba ta zo, a kuma biya cikin hanzari.

Gwamnatocin jihohi su ma suna da nasu kason. Asibitocin dabbobi da yawa a ƙananan hukumomi suna bukatar likita da firji da abin hawa. Idan cuta ta kuɓuce a ƙofa, malamin dabbobi na ƙauye shi ne zai fara ganin ta, kuma kwana biyun farko su ne ke raba ƙaramar matsala da babbar annoba.

Ku kuma 'yan'uwa masu karatu, akwai killacewar da ba ta bukatar sa hannun minista. Idan ka sayo akuya ko alade ko kaza daga kasuwa, ware ta a gefe mako biyu zuwa uku kafin ka haɗa ta da na gida. Kada ka zuba wa aladu ragowar abincin da ba ka tafasa ba. Kada ka bar kowane baƙo ko dillali ya shiga garkenka da takalminsa. Yi wa karenka allura a kan kari, ka adana takardar. Idan kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti ranar, kada a jira. Idan kuma za ka sayi kare ko kyanwar da aka ce daga waje aka kawo, ka nemi ganin izinin shigowa da shaidar allura. Mai sayarwar da ya fusata don ka tambaya ya riga ya ba ka amsa. In kuwa dabbobinka suka fara mutuwa ba dalili, ka sanar da likita, kada ka kai saura kasuwa, domin wanda zai saya maƙwabcinka ne.

Rigakafi ya fi magani, kowa ya san wannan. Abin da ya rage shi ne a biya kuɗinsa tun ana zaune lafiya, a kuma sa ido a ga an yi shi. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su ji wannan kira tun bango bai tsage ba. Allah ya kiyaye mu da dabbobinmu, ya ba shugabanninmu hikimar riƙe amana.